Shekara Tara Ina Cewa “Da Sauƙi”

Ɗiyata ba ta da ciwo. Da wannan zan fara, domin shekara tara na kwashe ina amsa gaisuwar ciwon da babu shi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Ita ce ta fari. A Magama na haife ta, a gidanmu da ke bayan layin da manyan motoci ke jerewa kafin su tsallaka Nijar, inda maigidana ke da rumfar faci. Ranar suna aka sa mata sunan uwar mijina. Duk Bahaushiya ta san abin da wannan ke nufi: an datse mini baki da kwaɗo biyu. Ga kunyar ɗan fari, wadda ta hana uwa kiran sunansa, ga kuma sunan suruka, wanda ko a mafarki ba zan furta ba. Shi ma uban ba zai kama sunan mahaifiyarsa gatsal ba. Wannan ba abin damuwa ba ne, an san yadda ake yi. Uba ya riƙa ce wa yarinya “uwata”, kaka ta riƙa ce mata “takwara”, cikin wasa da dariya wani laƙabi ya fito ya bi ta har gidan miji. Mu ma haka aka fara mana. Da idona na ga Hajiya, uwar mijin nawa, ta ɗaga ta sama ranar suna tana cewa, “Takwara, kin fi ni hanci ko na fi ki?”

Ba a yi wata ba yarinya ta ƙi nono. Ga tari, ga numfashi sama-sama, jiki laƙwas kamar ba ƙashi. Muka yi ta zarya tsakanin Jibiya da Katsina. A lokacin kam ciwo ne na gaske. Duk wadda ta shigo ta ce, “Ya mai jiki?” in ce, “Da sauƙi,” kuma ina jin daɗin tambayar, don mutane sun tsaya mana. Ba zan ci amanar maƙwabtana ba, akwai wadda ta yi mini wanki wata biyu cur ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Ƙirjin ya warke. Ranar da za a sallame mu wata likita ta zaunar da mu, ni da maigida da Hajiya. Ta kama hannun yarinyar ta nuna mana gajerun yatsunta da yanayin idonta, ta ce wannan ba ciwo ba ne da za a sha magani ya wuce, halitta ce, haka Allah ya yi ta. Za ta zauna, za ta yi tafiya, za ta yi magana, amma komai nata a hankali. Ni na ji, kuma na gane. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, “Allah shi ba ta lafiya.” Tun daga ranar ban sake jin kalmar takwara a bakinta ba. Maigida kuwa mutumin kirki ne, amma sai ya dubi fuskar uwarsa yake sanin ko gari ya waye. Ya ga tana ɗaure fuska duk sanda ya ce “uwata”, sai shi ma ya haɗiye abinsa.

Gaisuwar ce kaɗai ta ƙi tafiya. Yarinya ta zauna, ya mai jiki. Ta miƙe da ƙafarta tana shekara uku da wani abu, ta fi kowa cin tuwo a gidan, ko mura ba ta cika yi ba, ya mai jiki. In na je gaisuwar rasuwa Farfaru, garin su maigida, ga mamaci an fita da shi yanzu-yanzu, amma sai an juyo kaina an tambaye ni mai jiki. Kasuwa haka, makarantar matan aure haka. Kitso nake yi a gida, kuma nan abin ya fi ci mini rai. Mace za ta ɗora kanta a cinyata, yarinyar na zaune a gabanta tana miƙo mini kibiya da man kitso, ba za ta dube ta ta ce “sannu 'yan mata” ba, ni za ta tambaya, kamar wadda ake tambayar tana kwance a wani ɗaki. Ni kuma, wawiya, in ce, “Da sauƙi.” To me zan ce? Gaisuwa ce, kuma wanda ya gaishe ka ba ka ce masa ƙarya yake ba.

Sauƙin nan da ake jira shi ya tsare mana kowace ƙofa. Da ta kai shekara bakwai na ɗinka mata hijabi na kai ta Islamiyyar unguwa tare da ƙanwarta, wadda na haifa bayanta da shekara biyu. Malamin ya dube ta da irin tausayin nan da ya fi zagi ciwo, ya ce, “Ki bari ta ƙara samun sauƙi tukuna.”

Na ce, “Malam, sauƙin me? Ga ta tsaye a gabanka. Fatiha ma ta kusa haɗa ta.”

Ya ce yara za su tsokane ta, kuma shi ba zai ɗauki alhakin mai lalura ba. Ya rubuta ƙaramar, babbar muka dawo gida tana rungume da jakar da na saya mata. Biki kuwa in ya tashi a dangi aka fitar da anko, sai ka ji an ce, “Ita mai jiki ai ba sai an yanka mata ba.” Ni nake bin sawun yadin in kai wa tela da kaina, in sa mata, in riƙe hannunta mu shiga tsakiyar taron, wanda zai ji haushi ya ji.

Magana ta zo mata tana shekara biyar, kalma ɗai-ɗai, harshen da nauyi. Ruwa. Inna. Akuya. Ta huɗu ko ta biyar ita ce “da sauƙi”. Baƙuwa na yin sallama ta ce “ya mai jiki”, kafin in buɗe baki ta riga ni amsawa. Mata su kwashe da dariya, su sake tambaya don su sake ji. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini. A ganina wayo ne take yi.

Bara, bayan an sake buɗe boda, matar ƙanen mijina ta haifi mace a Maraɗi. Hajiya ta riga mu tafiya da kwana uku, ta biyo ta ɗauki ƙaramar ɗiyata, babbar ko tambayarta ba ta yi ba. Maigida ya bi su ana gobe suna don ya samu raɗin suna da safe. Da zai fita ya ce in bar yarinyar wurin maƙwabta, hanya da wahala. Na ce Maraɗin da mata ke zuwa sayen atamfa su dawo kafin la'asar ita ce yau ta zama hanya mai wahala? In ba ita, to ba ni. Na yi mata kitso da lalle, na sa mata atamfa irin tawa, na ninke takardar haihuwarta na sa a jaka, da hantsi muka shiga mota.

Da muka tsallaka ɓangaren Nijar aka sauke mu a shingen Ɗan Isa, kowa ya nuna takardarsa. Wani jandarma ne zaune a rumfa, mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya karɓi tawa ya duba, ya karɓi ta yarinyar ya duba. Sai ya sunkuyo daidai fuskarta ya ce, “Ke ɗiyata, mi ne sunanki?”

Na matso zan nuna masa rubutun da yatsa, don haka na saba yi duk inda aka tambaya, a asibiti ko wurin rigakafi. Ya ɗaga mini hannu. “Bari ta faɗi da kanta.”

Wallahi a iya sanina shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayarta ita, ba ni ba. Ita ma ta san an girmama ta. Ta miƙe sosai, ta gyara hijabi, ta dube shi ido cikin ido, ta faɗa tar, ba inda harshen ya kama:

“Mai jiki.”

Fasinjojin da ke bayanmu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya sake duba takardar, ya dube ni ya ce, “Ba ta da lafiya ne?”

Na ce, “Lafiyarta ƙalau.”

Ya miƙo mini takardun. “Takarda ta ce wani abu, yarinya ta ce wani. Ni ba zan tsare ku ba, ku sauka lafiya. Amma uwar ɗiya, in ta ɓace miki a tashar Maraɗi, da wane suna za a yi cigiyarta?”

Na ninke takardun na mayar jaka. Muka koma mota, wata mata da ke gefena ta shafa kan yarinyar ta ce, “Allah sarki, Allah shi ba ta lafiya.” Da ba don ina jin nauyin furfurarta ba da na ture hannun. Daga Ɗan Isa har Maraɗi riƙe nake da hannun ɗiyata har ta ce ina matse ta. Ashe duk shekarun nan da nake cewa wayo ne, ita amsa kira take yi. Ta ji abin da ake faɗi duk sanda aka nuna ta, ta ɗauka shi ne sunanta, kuma ba ta yi kuskure ba, domin ba a taɓa ba ta wani ba.

Muka isa gidan suna bayan azahar. Tsakar gida cike da mata, tukwane a kan wuta, masu kiɗan ƙwarya a gindin dalbejiya. Yarinyar tana ganin inda ake wanke-wanke ta zare hannunta ta tafi, don babu aikin da take so kamar ɗauraye kofi. Ta tsugunna a bakin baho ta ba mu baya. Wata gwaggon maigida ta tarbe ni. “Maraba da mutanen Najeriya. A'a, har da mai jiki aka zo? Sannu da ƙoƙari.”

Na haɗiye na ce, “Gwaggo, wane suna aka sa?”

“Au, mijinki bai gaya miki ba? Ai yau Hajiya ta yi takwara. Shekara da shekaru tana jira, sai yau Allah ya cika mata buri.”

A fahimce ni. Ba laifi ba ne a sake sa sunan kaka, jikoki biyar ma kan ci suna ɗaya a gida ɗaya, kowacce da laƙabinta. Da cewa ta yi Hajiya ta ƙara takwara, da guɗa zan yi. Amma “tana jira” ta ce, “sai yau” ta ce, ga tawa tsugunne taku goma daga inda muke tsaye, hannunta cikin kumfa.

Hajiya na zaune a kan darduma a rumfa, jaririyar a cinyarta, mata sun kewaye ta. Ina matsowa na ji tana cewa, “Takwara, kin fi ni hanci ko na fi ki?” Ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Na durƙusa kamar yadda na saba. “Hajiya, ina wuni. Barka da arziki, Allah shi raya.”

“Amin, amin. Kun iso lafiya? Ya mai jiki?”

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, “Hajiya, wace mai jikin?”

Ta ɗago. “Ɗiyarki mana.”

“Ɗiyata lafiyarta ƙalau. Rabonta da kwanan asibiti tun tana wata huɗu. Kuma tana da suna. Rago aka yanka, liman ya yi addu'a, ke da kanki kika raba naman. Wannan da ke cinyarki Allah shi raya ta, amma takwara ta biyu ce.”

Wata ta ja mini gefen zane ta ce, “Ke, kama bakinki, gidan mutane ne.” Na fizge zanena na miƙe. Na juya wajen bahon wanke-wanke, na buɗe bakin nan da aka datse shekara tara, na kira sunan. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya yi nisa.

Masu ƙwarya suka tsaya. Hajiya ta zabura kamar an taɓa ta da garwashi, don tun rasuwar iyayenta da mijinta babu wanda ya kira ta haka, balle matar ɗanta. Mai jego ta leƙo ta labule. Duk macen da ke gidan nan ta juyo ta dube ni, har masu tuƙa tuwo. Mutum ɗaya ce ba ta juyo ba, ita ce mai sunan. Tana can tana cuɗa kofin silba.

Na sake kira. Ta ɗauraye kofin ta kife, ta ɗauki wani. Na kira na uku. Sai ƙanwarta, da ke zaune kusa da kakarsu, ta ga uwarta na neman taimako, ta tashi ta ce, “Mai jiki, Inna na kiranki.”

Nan take ta juyo tana murmushi, ta yarfe hannu, ta rugo ta rungume ni da jiƙaƙƙen hannunta. Na tsaya a tsakiyar gidan mutane ina kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na takaici ne.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa jaririyar ga ta kusa da ita, ta ce, “Kin gama? To na ji, kuma na ɗauki nawa. Amma ni a Farfaru nake, ranar kasuwa kaɗai nake ganinta. Ke da kike kwana da ita kike tashi da ita, da me kike kiranta?”

Da “ke” nake kiranta. Ke, zo nan. Ke, ajiye wannan. In ina ba da labarinta in ce “yarinyar nan”. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na mutane. Na riƙe kunyata ƙam don kada a ce matar wane ba ta da tarbiyya, na bar ɗiyata ba abin da za a yi cigiyarta da shi. Gaskiya Hajiya ta faɗa, kuma ban yafe mata ba don ta faɗi gaskiya. Ita ce ta fara janye sunanta daga kan jaririyar da ba ta yi mata laifin komai ba, mu duka muka bi bayanta kamar tumaki.

Ba mu kwana ba, a ranar muka juyo. Maigida ya yi kwana uku ba ya cin abincina. A na huɗu ya ce, “Kin kama sunan uwata a bainar jama'a, har a wata ƙasa.”

Na ce, “Sunan ɗiyarka na kira. Da ka riƙe ‘uwata’ ɗin da ka fara, da ba mu zo nan ba.”

Ya ja kwanon abincin ya buɗe.

Daga nan na ajiye kunya. Tun da asuba nake fara kiran sunan, in zan ba ta koko, in zan yi mata wanka, in babu dalili ma in kira. Na kan kama hannunta in ɗora a ƙirjinta in faɗa, in ɗora a nawa in ce Inna. Ita kuma ta yi ta dariya, a ganinta sabon wasa ne. Na hana ƙanwarta waccan kalmar, har sau ɗaya na ɗaga mata hannu, abin da na yi nadamarsa, don ita ma a bakinmu ta tsinta. Maƙwabta suna jiyo ni ta katanga, labari ya zaga unguwa cewa na fitsare, ina kiran sunan suruka kamar na ƙawata. Duk wadda ta shigo ta ce “ya mai jiki” kuwa, amsa ɗaya nake ba ta: “Babu mai jiki a gidan nan. In ɗiyata kike nufi, ga ta nan, gaishe ta.” Wasu suka gaishe ta, wasu suka ɗauki kansu suka kai wa wata mai kitson. Su je, Allah ya raka taki gona.

Na koma Islamiyya da takardar haihuwar nan, na shimfiɗa ta a kan teburin malam, na ce ya rubuta abin da ke ciki a rajista, ya kuma riƙa kira kullum tare da na sauran yara, ta amsa ko kada ta amsa. Ya fara maganar sauƙi, na ce in sauƙi yake jira, ni zan zauna a bakin ajin nan mu jira tare. Ya rubuta ina tsaye a kansa. Hajiya har yanzu tana zuwa ranar kasuwa. Ta bar cewa mai jiki, amma ba ta ce takwara ba. “Ina yaran?” take cewa, ta ajiye ƙullin gyaɗa biyu.

An yi wata guda, an shiga na biyu, yarinya ba ta juyowa. Wani lokaci in zauna in ce ko na makara, ko wancan sunan ya riga ya kama ta yadda ba zai saku ba. In na tuna tashar Maraɗi sai in tashi in sake kira.

Wata safiya ina madafi ina talge, ita tana bakin turke tana zuba wa akuya dusa, ta ba ni baya. Ludayi nake nema, ban ma yi niyyar koyarwa ba, sunan ya fito da kansa, na ce ta miƙo mini. Sai na ga hannunta ya tsaya a cikin kwano. Ta juyo a hankali, ta waiga hagu da dama ko akwai wata, ba kowa. Ta dube ni, ta ɗora tafin hannunta mai dusa a ƙirji, fuskarta ta cika da murna. Ta buɗe baki ta amsa mini da abin da ta san ana amsawa in an ambace ta.

“Da sauƙi.”

Na zauna a kan turmi, talgen ya yi ta tafasa har ya kama. Ita kuwa ta kawo mini ludayin.

Yanzu “na'am” muke koyo.